Kurege da Musun Kakan Wa Ya Fi Iya Yaƙi

Ga wata nan tafe gare ku, ku matso ku gyara zama.

A wata shekara da damina ta yi gardama, yunwa ta kama Kurege har wutsiyarsa ta fi shi nauyi. Yana cikin yawon neman abin sawa a baka, sai ya iso mashaya, ya tarar da Zaki da Giwa da Kada suna musun da suka saba: kakan wa ya fi iya yaƙi?

Zaki ya ce kakansa Tsawa ya ci dajin gabas kaf, kafin abokan gaba su gama hamma ya riga ya afka musu. Giwa ta ce wannan ai fashi ne. Kakanta Karya-Ganuwa shi ne shugaba, a gaban runduna yake tafiya, kuma ba ya taɓa abinci sai ƙaramin dakarensa ya ƙoshi. Kada ya buɗe ido ɗaya ya ce kakansa Lumbu-Lumbu bai taɓa bin kowa ba, kwanciyarsa yake a bakin ruwa, ƙishirwa ta kawo masa sarakuna har gida. Da suka gaji, Giwa ta ce ina ma akwai wanda ya ga zamanin da idonsa, ya raba gardama.

Kurege da ke laɓe a gindin kalgo ya shafa cikinsa ya ce, "Kwantar da hankalinka, na samo mana gonar da ba a nomewa."

Da gari ya waye ya yi birgima a toka, ya manna audugar rimi a haɓa da ƙaro, ya dogara sandar kara, ya nufi fadar Zaki yana tari. Ya ce shi ne Baba Tuntuni, makaɗin da ya bi mayaƙan nan uku fagen fama.

"Ranka ya daɗe, manyan dawa, ni na kaɗa wa Tsawa gangar fita. Karya-Ganuwa kuwa, da idona na ga ƙudan zuma sun kore shi, yana gudu yana kiran uwarsa."

Zaki ya yi dariya har da buga ƙasa, ya sa aka kawo cinyar barewa. Kurege ya ci har gemunsa ya karkace, ya gyara shi a ɓoye.

Da gari ya waye ya isa wurin Giwa. Ya rantse mata cewa Tsawa barci yake a inuwa, matansa ke yin yaƙin, shi sai dai ya taso a yi masa kirari. Giwa ta kakkaɓo masa ɗinya da kanya, ta haɗa da rake. Kada ma bai tsira ba. Kurege ya gaya masa Tsawa da Karya-Ganuwa duk sun taɓa durƙusawa gaban Lumbu-Lumbu suna roƙon kurɓi ɗaya. Ya tashi da kifi har ya rasa inda zai sa.

Haka ya yi ta zagaya gidajen nan, yana sayar wa kowa abin da kunnensa ke so, har wuyansa ya yi kauri. In ya koma rami sai ya miƙe ƙafa ya ce, "Ni ne ƙaramin da manya ke yi wa noma!"

To, daɗin labari ba ya barin mai shi ya yi shiru. Kowannensu ya matsu ya kunyata 'yan uwansa, sai suka tara namun daji a mashaya, aka ɗauko Baba Tuntuni aka ɗora shi kan kututture.

Zaki ya ce, "Baba, faɗa musu zancen ƙudan zuma."

Giwa ta ce, "A'a Baba, fara da mai barci a inuwa."

Suka dubi juna, sannan suka dube shi. Kurege ya ga gaba mashi, baya ba mafita, hagu haƙora, dama ƙafar Giwa. Sai ya ɗaga sanda ya ce, "Wanda ya fi su duka shi ne..." Ya yi tari, ya kakkafe ido, ya faɗo tim, ya sandare.

Giwa ta share hawaye ta ce tarihi ya tafi da bakinsa. Kurege na kwance yana murna a zuci, yana jiran a watse ya sulale. Ashe Kada na da wata shawara: tsohon da ya bi kakanninsu yaƙi ba za a binne shi da ƙurar hanya ba, sai an yi masa wanka.

Giwa ta zuƙo ruwa cike da hanci ta feso masa. Toka ta bi ruwa, gemu ya kama hanyarsa yana yawo a kan tafki, ga Kurege ja wur, sulɓi da ƙiba. Ruwa ya shiga hancinsa, gawa ta yi atishawa.

Ai kafin Zaki ya gama gurnani Kurege ya zabura. Giwa ta maka masa sandar rake a gadon baya, Zaki ya yakushe shi a cinya, Kada ya kai cafka ya tsira da rabin gashin wutsiya. Da ƙyar ya faɗa wani rami, yana nishi, ko'ina na masa zogi.

Da ya ji ƙafafu sun tsaya a bakin ramin, sai ya ɗaga murya daga ciki: "Kuna son hukunci? Kakanninku sai da suka zubar da jini kafin a kawo musu gaisuwa. Ni gidajenku uku na ci da gemun auduga, kuma ku da kanku kuka yi ta ƙaro mini. Ku je ku auna!"

Ƙurunƙus. Wanda ya ce ƙarya na 'ya'ya, ya je ramin ya tambayi mai guntuwar wutsiya.