Ganyen Baƙo

A Birnin Tsauna mai ƙofofin tagulla an yi wani sarki, Barmo ɗan Gwarzo, jikan mazan fama, wanda cuta ta shanye masa jini har ya koma ramamme ƙanjamamme, ko kofin ruwa ba ya iya ɗagawa. Masu magani suka ce ba abin da zai tashe shi sai wani ganye mai faɗi, mai kama da alayyafo amma ya fi shi kauri, mai kara ja da rawaya da fari, wanda Larabawa ke kira silƙi.

Babban ɗansa, Yarima Jatau, ya ɗaura sirdi ya kama hanya. Ya ratsa dajin da itatuwa ke magana, ya ƙetare kogin wuta, ko'ina ya tambaya sai a ba shi wani suna dabam: malaman Rum suka ce a littattafansu bita ne, fararen aljanu suka ce alayyafon sarauta, maridai suka ce jan kara. Sunayen nan suka yi ta ɓatar da shi har dokinsa ya mutu, rigarsa ta zama tsumma, kafin ya iso bakin tekun gishiri, lambun Zarƙa'u sarauniyar aljanu. Ga ganyen nan shar, yana sheƙi.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranki ya daɗe, mahaifina na bakin kabari. Ki yi mini izinin tsinka."

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ka san abin da ya tara wa ganyen nan sunaye? Duk wanda ya tsinka, a gindinsa yake barin nasa sunan. In ka yarda, daga yau ba mai sanin ka."

Ya tuna hannun mahaifinsa da ya fara ɗora shi kan doki. Sai ya miƙa hannu ya tsinka, har da iri.

Da ya komo, dogarai suka tare shi da sanduna, sai da ya nuna ganyen aka bar shi ya shiga. Aka yi miya, sarki ya sha, jini ya dawo fuskarsa, gari ya ɗauki guɗa.

Sarki ya ce, "Baƙo, faɗi buƙatarka."

Ya ce, "Baba, ni ne fa."

Sarki ya dube shi da tausayi, ya nuna Dikko, ƙanin Jatau, ya ce, "Bawan Allah, ɗana ɗaya ne, ga shi nan."

Sai baƙon ya roƙi ɗan fili a gindin ganuwa, ya shuka irin. Daga nan ya ji tamburan naɗin Dikko a sarautar Yarima. Mahaifiyarsa Kilishi takan tsaya a bakin danga ta ce, "Malam, muryarka tana sa ni kuka, ban san dalili ba." Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya cika mata kwando.

Mutanen Tsauna suka raɗa wa ganyen suna ganyen baƙo. Da mai lambun ya rasu, liman ya tambayi sunan mamacin, aka rasa mai amsawa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Allah dai Ya san shi."