Kwandon da Habila Ya Saƙa

Akwai wata mace a wani ƙauye, mijinta ya rasu, sunanta Afiniki. Mijin, wato Habila, bai bar mata shanu ba, bai bar mata rumbu cike ba. Kaji ya bar mata, da kwando guda. Kwandon nan da hannunsa ya saƙa shi da kaba, lokacin da ciwo ya hana shi zuwa gona, yana zaune a gindin mangwaro, ya yi saƙa ya huta, ya yi saƙa ya huta. Da ya gama ya miƙa mata ya ce, "Ga ɗakin kwanci na yi wa kajinki." Bai ga damina ta gaba ba. Afiniki ta ɗauki tsohuwar taguwarsa ta shimfiɗa a ciki, ta ajiye kwandon a kusurwar akurki, kaza bayan kaza suna ƙyanƙyasa a cikinsa.

Kajin suka yi ta raguwa. Shaho ya ɗauki nasa, muzuru ya ɗauki nasa, ciwo ya share sauran, har ya rage kaza ɗaya tak, wake-wake, mafaɗaciya. A kanta zuciyar Afiniki take, gama in wannan ta tafi, irin kajin Habila ya ƙare ke nan.

To, kazar ta yi ƙwai, ta hau kwanci. Afiniki ta yi murna ƙwarai. Amma murnar ba ta daɗe ba, don kazar ta ƙi zama. Ta kwanta, ta zabura. Ta fito, ta yi ta saran jikinta da baki, ta sosa wuya da ƙafa, ta girgiza, ta koma, kafin ka juya ta sake fitowa. Kazar da ke kwanci fa, ko tsaba ka watsa da ƙyar take tashi, amma wannan sai ka ce a kan garwashi aka ɗora ta. Afiniki ta kama ta, ta ɗaga fiffike, ta hura gashin. Kai! Ga ƙwarƙwata na gudu a kan fata, ga ƙuma jajaye, ƙanana kamar garin barkono.

Afiniki ba raguwa ba ce, kada kowa ya ce raguwa ce. Nan take ta tankaɗe toka mai sanyi, ta cuɗe kazar da ita har ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya. Ta shafa mata man kaɗanya a ƙafafu. Ta ɗauko kwandon da hannu biyu, a hankali, ta ajiye shi a inuwa da ƙwan a ciki. Ta share akurki tas, ta turara shi da ɗanyen ganyen darbejiya har hayaƙi ya sa ta tari, ta kwaɓa laka ta liƙe kowace tsaga a bango. Da ta gama, ta mai da kwandon wurinsa.

Kazar ta sami sauƙi kwana kaɗan. Sai abu ya dawo sabo.

Afiniki ta sake. Toka, man kaɗanya, hayaƙi, shara. Ta ɗauke kwando, ta mai da kwando. Wata maƙwabciya ta ce garin taba, ta nemo garin taba. Wani ya ce ai magani a kasuwa yake, ta tafi kasuwa da ƙafa ta sayo farin gari, ta barbaɗa. Kowane magani ya yi aikinsa, ƙwarin jikin kaza su mutu, amma kafin mako ya zagayo wasu sun maye gurbinsu. Ita kanta Afiniki zama ya gagare ta. Tana tuƙa tuwo ta ajiye muciya ta je ta leƙa akurki. Tana cikin sujada a majami'a, ana waƙa, hannunta na sosa damtse, hankalinta na can gida. Zankon kazar da yake ja wur ya koma fari-fari, ƙirjinta ya zama ƙashi.

Ana nan sai yayar mijinta, Kande, ta zo gaishe ta. Kande tsohuwa ce mai baki, ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba. Ta tarar da Afiniki durƙushe a bakin akurki, toka har gira.

"Amaryarmu, ke ce kike kwancin ko kazar?"

"Yaya, bari kawai. Na yi duk abin da ake yi. Na rasa ta inda suke fitowa."

Kande ta dubi bango, ta ga liƙi mai kyau. Ta dubi ƙasa, ta ga shara mai kyau. Sai idonta ya tsaya a kusurwa. Ta ce, "Kawo mini farin faranti." Ta kwashe ƙwan ta ajiye gefe, ta kifa kwandon a kan farantin, ta buga bayansa da tafin hannu. Abin da ya zubo, Afiniki ta ɗauka ƙura ce. Sai ƙurar ta fara tafiya. Kande ta murtsuke kaɗan da ɗan yatsa, faranti ya yi ja.

"Kin ga wannan? Jinin kazarki ne. Kina kashe na jikinta, kina mai da ita gidansu. A cikin saƙar suke, da cikin taguwar, su da ƙwayayensu. Sai wuta."

Afiniki ta fizge kwandon ta rungume. "Haba, Yaya! Ke ma kin san wanda ya saƙa shi."

"Na sani. Ni na goye shi a bayana."

"To, ba zan ƙone ba."

Kande ta sha ruwa ta tafi.

Afiniki ta nemi dabara. Ta shanya kwandon a rana. Ta yayyafa masa ruwan zafi, kaɗan-kaɗan, don tana tsoro kada tsohuwar kabar ta warware. Ta kakkaɓe taguwar, ta ninke, ta mayar. Ta ce a ranta ai wannan ma ya isa. Ashe bai isa ba. Kazar ta ƙi shiga kwandon gaba ɗaya, ƙwan suka yi sanyi, duka suka zama baragurbi, ko ɗan tsako ɗaya ba a samu ba. Duk da haka Afiniki ta zubar da ƙwan, ta bar kwandon a kusurwarsa. Wayyo, taurin zuciyar ɗan Adam!

Wata safiya ta buɗe akurki, kazar ba ta fito ba. Tana kwance a bakin ƙofa, can nesa da kwandon iyakar nisan da za ta iya, ido a rufe, fiffike a sake. Afiniki ta ɗauke ta, ta ji ba nauyi. Tsoro ya kama ta. Ta aika a kira Kande, ta tsaya a tsakar gida, kaza a hannu ɗaya, kwando a ɗaya, ta rasa wanne za ta ajiye.

Kande ta zo, ta dube ta, wannan karon ba tsokana a bakinta. Ta ce, "Afiniki, ƙanena don kaza ya saƙa kwandon nan, ba don ƙuma ba. Da yana nan, da shi zai ƙyasta ashana."

Afiniki ta miƙa mata kazar. Da hannunta ta kai kwandon bayan gida, da taguwar a ciki, ta ƙyasta ashana. Kaba busasshiya ce, ba ta yi gardama ba. Ta tsaya tana kuka har wutar ta mutu, ba ta ɓoye kukan ba, Kande ma ta share ido da bakin zane. Sa'an nan suka sake turara akurki, suka sake cuɗe kazar da toka, suka ba ta ruwa da tsakin dawa a baki. Afiniki ta sami fasasshiyar tukunya, ta zuba yashi mai tsabta da sabuwar ciyawa, ta ajiye a wata kusurwa dabam.

Kazar ta tashi. Zankonta ya dawo ja. Bayan wani lokaci ta yi ƙwai a cikin tukunyar, ta hau kwanci, ta zauna lafiya lau. Ranar da 'yan tsaki suka fito suna bin uwarsu a gindin mangwaro, Afiniki ta dubi wurin da Habila yake zama yana saƙa, ta ga ba abin da ta manta game da shi, ko yadda yake lanƙwasa kaba da babban yatsa.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Kazar ita ce ranka. Ƙwarƙwata da ƙuma su ne zunubin da ke shan jininka a hankali, ya hana ka zama, ya hana ka salama. Toka da hayaƙi da shara su ne addu'armu da azuminmu da zuwa sujada, dukansu kuwa masu kyau ne, suna aiki. Kwandon fa? Shi ne abu ɗayan nan da kake ɗaukewa da hannu biyu ka ajiye gefe duk lokacin da ka zo tuba, in ka gama ka mai da shi wurinsa.

Ku lura, kwandon ba mugun abu ba ne a farkonsa, da ƙauna aka saƙa shi. Abin da ya sa yake da wuyar ƙonewa ke nan. Wani ya bar shan giya, amma bai bar inuwar da abokan shansa suke zama ba, wai ai tare suka yi ƙuruciya. Wata ta ce ta gafarta wa 'yar'uwarta, amma maganar da aka faɗa mata tana nan a ninke, kowane baƙo sai an warware masa ita. Sa'an nan mu zo muna cewa, "Na yi duk abin da ake yi, na rasa ta inda yake fitowa." Ka sani. Tun ɗazu da nake magana ranka ya riga ya faɗa maka sunansa.

Ubangiji ba ya karɓe abu don ya bar ka hannu wofi, rai yake so ya ceta. Afiniki ta yi jinkiri, ta yi hasarar ƙwai, amma ta sami kazar da sauran numfashi. Kai ba ka san sauran numfashin da ya rage wa taka ba. In ka koma gida yau, kada ka fara da tsintsiya. Ka je kusurwar nan, ka kifa kwandon, ka buga, ka dubi abin da zai zubo.