Tsingaron Hakama

Kaka: Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙafarta.

Yara: Ta zo mu ji ta!

Kaka: Wannan amsar ta masu jin yunwa ce. Ba yanzu kuka suɗe kwanon tuwo ba? Na ce ga ta nan, ga ta nanku!

Yara: Ta zo mu ji ta, Kaka!

Yawwa. Lantana, matso da ƙanenki. Kai kuma Ɗanjuma, mijin nan nawa da bai taɓa kawo mini ko goro ɗaya ba, zauna nan inda zan riƙa ganin hannunka.

Wata mata ce, sunanta Hakama. Uwarta, Inna Gwamma, maginiyar tukwane ce a wani ƙauye da ke gindin tsauni. In Inna Gwamma ta gina randa ta gasa, ka ƙwanƙwasa da yatsa, sai ka ji ta amsa kamar ƙararrawa. A zamanin nan, mai son tukunya yakan cika ta da gero, ya juye wa maginiya, ya ɗauki tukunyarsa. Da haka suke ci.

Hakama ta iya gini, tun tana ƙarama take zaune gefen uwarta. Amma kwaɓin yumɓu, Inna ce ke yi da kanta a bayan ɗaki, da sassafe, lokacin da Hakama ta tafi rijiya. Kullum takan ce, "Bari hannunki ya faɗa tukuna, zan koya miki." Rannan, bayan an gama girbi, Inna ta kwanta kwana uku, Allah ya karɓi abinsa. Ba ta kai ga koya mata ba.

Abin da ta bar mata bai da yawa. Ɗaki ɗaya, rumbu da gero rabi, gyaɗa ƙwarya huɗu, sai randa ɗaya ta ruwan sha, wadda ta fi kowace randa kyau a ƙauyen. A bayan ɗaki kuma akwai tsohon turmi da tsibin tsingaro, wato gutsattsarin fasassun tukwane. Hakama ta dubi tsibin ta ce, "Inna ke nan da tara shara!" Ta kwashe kaf, ta zubar a kududdufi.

Sai ga wanta Nomau ya zo daga garin da yake noma. Mutumin kirki ne, ba shi da yawan magana. Ya leƙa rumbu, ya ce, "Hakama, geron nan ba zai kai ki damina ba. Taho mu tafi gidana."

Ta ce, "Yaya, in na tafi, wa zai hura wutar Inna?"

Ya sake leƙa rumbun. Can ya ce, "To. Ran da ruwan farko ya sauka zan zo da jaki. In na tarar da randa ɗaya lafiyayya, ginin hannunki, na bar ki. In ban tarar ba, ki rufe ɗakin nan ki hau jaki."

Ta ce, "Na yarda."

Kun san ba a gashin tukwane da damina. Don haka kwanakin rani kaɗai gare ta.

Ta haƙo yumɓu, ta tsince tsakuwa, ta tace shi har ya yi laushi kamar man shanu. Ta gina randa, ta shanya, ta lulluɓe ta da kara da busasshen kashin shanu, ta sa wuta. Wuta ta kama, wuta ta ci. Sai aka ji tas!

Yara: Ta fashe!

Ta fashe. Kunya ta kama Hakama. Ta ce kada maƙwabta su ce 'yar Gwamma ba ta gaji komai ba. Ta tattara tsingaron a zanenta, ta haƙa rami a gindin kanya, ta binne.

To, ashe Kurege na bisa reshe yana kallo. Ya sauko yana kaɗa wutsiya, ya ce, "Uwar ɗakina, sannu da asara. Ni da Inna Gwamma, ai ba ta ɓoye mini komai."

Ta ce, "Ka san sirrin kwaɓinta?"

Ya ce, "Kamar yunwar cikina. Ƙarfin randa aro ake yi. Inna daga sawun giwa take ɗebo yumɓu. Ba ni ƙwarya ɗaya ta gyaɗa in tafi daji."

Ta ba shi. Ya zaga bayan gari, ya cinye gyaɗa, ya yi barci, ya ɗebo taɓon kududdufi ya kawo. Ta gina, ta shanya, ta gasa.

Yara: Tas!

Kurege ya ce, "Ash! Giwar ce ta tsufa. Da ma na ga tana ɗingishi."

Hakama ta binne tsingaro a gindin kanya, ta shiga ɗaki ranta a ɓace. A bangon ɗakin, dab da randar Inna, Zanzaro ya gina ɗan gidansa na laka. Ta rasa wanda za ta huce a kansa, sai ta ɗauki tsintsiya ta kaɓe gidan. Zanzaro ya ce, "Sannu da shara, maƙwabciya." Ya ƙara ɗaure ɗamararsa, ya sauka ƙasa.

Bayan kwana biyu Kurege ya dawo. Ya ce, "Na tuna! Ba yumɓun ba ne, ruwan ne. Inna da ruwan kogon dutse take kwaɓi. Kin taɓa ganin wuta ta fasa tsauni?"

Ta ce, "Ban taɓa ba."

Ya ce, "To, ƙwarya ɗaya."

Ta ba shi. Ya cinye, ya ɗebo ruwa a kwamin da awaki ke sha. Ta kwaɓa, ta gina, ta gasa.

Yara: Tas!

Ya ce, "Tsaya. Kin yi atishawa kusa da wutar?"

Ta ce, "Hayaƙi ya shiga mini hanci."

Ya ce, "To, ai kin ji. Dutse ba ya son atishawa."

Ta binne tsingaro. Ta shiga ɗaki, ta ga Zanzaro ya sake gini a daidai wurin. Ta sake kaɓewa. Ya ce, "Sannu da shara, maƙwabciya."

Na uku, Kurege ya ce gashin wutsiyar zaki ake sawa a cikin yumɓu. Ɗanjuma, daina dariya, kai ma da kana wurin da ka ba shi gyaɗar. Wanda ya rasa uwa, duk wanda ya ce ya san sirrinta sai ya saurare shi. Ta ba shi ƙwarya ta uku. Ya je ya tsinko gashin wutsiyar jakin mai unguwa, har jakin ya kusa cire masa haƙori. Ta gina, ta gasa.

Yara: Tas!

Wannan karon Kurege bai ma tsaya ba da dalili ba. Ita kuma ta binne tsingaro, ta kaɓe gidan Zanzaro, ya yi mata sannu da shara.

Lokacin nan bazara ta kama. Zafi ya yi zafi, gabas ta fara haɗa gajimare da la'asar. Gero ya koma gindin rumbu. Gyaɗa saura ƙwarya ɗaya, ta iri, tana rataye a ragaya bisa randar Inna.

Rannan da hantsi Hakama ta tafi rijiya. Kurege ya lallaɓo ɗaki. Ya hau randa, ya yi tsalle zai kama ragaya, wutsiyarsa ta ture taɓaryar da ke jingine a bango. Taɓarya ta faɗo a kan randa. Ruwa ya malale ɗaki, Kurege ya arce ko ƙwaya ɗaya bai samu ba.

Hakama ta dawo ta tarar da randar Inna ta rabu biyar. Ran da aka binne Inna ta yi kuka, amma na ran nan ya fi. Ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ce, "Shi ke nan. Yaya ya kawo jakinsa."

Da kukan ya lafa, sai ta ji ɗan zuu, zuu, kusa da ƙafarta. Zanzaro ne. Yana tsintar ɓaraguzan gidansa da ta kaɓe, yana jiƙa su da ruwan da ya zube, yana haɗawa da sabuwar laka, yana kaiwa bango.

Ta ce, "Malam Zanzaro, sau uku ina rushe maka gida. Ba ka gaji ba?"

Ya ce, "Na gaji mana. Dubi ƙuguna."

Ta ce, "To, me ya hana ka tashi?"

Ya ce, "Nan uwata ta yi gini. Kuma duk rushewa tana bar mini abin fara wani."

Ta ce, "Ga sabuwar laka cike da kududdufi, me za ka yi da fasasshe?"

Ya ce, "Sabuwar laka ba ta san komai ba, maƙwabciya. Wannan kuwa ta sha rana, ta sha tsintsiyarki. Ita ke riƙe sabuwar. Ke ina kike kai naki fasassun?"

Hakama ta miƙa hannu. Ta ɗauki ɓari ɗaya na randar Inna, don kawai ta riƙe wani abu nata. Ta juya shi, ta dubi bakin karayar. Tunda take, bayan randar kaɗai ta sani, sumul, ba ta taɓa ganin cikin jikinta ba. Sai ga 'yan jajayen ƙwayoyi birjik a cikin yumɓun, kamar tsakin gero a cikin tuwo. Ta kankara da farce. Dakakken tsingaro ne.

Nan ta tuna tsohon turmi. Ta tuna tsibin da ta kira shara. Ta tuna ƙarar daka da takan jiyo in ta dawo daga rijiya. Ta ce, "Wayyo Inna! Ashe ke ma tukwanenki sun sha fashewa." Sai ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ji kamar uwar ce ta dafa mata kafaɗa.

Ta ɗauki fartanya ta nufi gindin kanya, da rana tsaka, kowa na gani. Ta tone asararta guda huɗu, ta ɗauko a ka, ta ratsa ta tsakiyar ƙauye. Wata maƙwabciya ta ce, "Hakama, duk waɗannan naki ne?"

Ta ce, "Nawa ne, Iya. Duk ni na fasa su."

Ta zuba su a turmi, ta jefa ɓari ɗaya na randar Inna a kai, ta ɗauki taɓaryar nan da ta yi ɓarna. Tana daka tana waƙa. In na ba ku, ku amsa.

Kaka: Daku, daku, tsingaro,

Yara: Ka ga wuta, ka dawo!

Kaka: Na Inna da na Hakama,

Yara: Ka ga wuta, ka dawo!

Kaka: Riƙe mini ɗanyen yumɓu,

Yara: Ka ga wuta, ka dawo!

Ta tankaɗe, ta kwaɓa da sabon yumɓu. Kwaɓin ya yi kaushi, yana cizon tafin hannu. Ta gina randa a hankali, ta shanya a inuwa kwana bakwai. Kullum da la'asar hadari ya taso, ya yi gurnani, ya wuce.

A rana ta takwas ta sa wuta tun da asuba. Ta zauna tana sauraro. Kara ya cinye, kashin shanu ya zama toka.

Yara: Tas?

A'a, Lantana. Shiru.

Da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙanshin ƙasa. Hakama ta ture toka da sanda, ta mirgino randa zuwa ƙarƙashin rumfa. Ko da ta ɗaga kai, sai ga Nomau a bakin ƙofa, yana riƙe da igiyar jaki. Ɗigon farko ya faɗo a kan hularsa.

Nomau ya shigo. Ya zagaya randa sau ɗaya. Ba ta kai ta Inna sumul ba, bakinta ma ya ɗan karkace. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa.

Randa ta amsa kamar ƙararrawa.

Nomau ya juya baya, ya daɗe yana gyaran igiyar jaki, alhali igiyar lafiyarta ƙalau. Da ya juyo idonsa ya yi ja. Ya ce, "Muryar Inna ce."

Ta ce, "Da tawa a ciki, Yaya."

Ashe jakin ma ba wayam ya zo ba, da buhun gero a bayansa. Nomau ya sauke, ya kwance baki, ya yi ta zubawa a randa har ta cika, ya juye wa ƙanwarsa a rumbu. Ya ce, "Na saya. Amma ki ajiye mini ita a nan, in na zo in riƙa shan ruwa." Washegari ya koma gida, shi da jakinsa.

Tun daga ran nan maginan tukwane ba sa zubar da tsingaro, dakawa suke yi su sa a sabon kwaɓi. Zanzaro kuma ya samu izinin gini a bangon ɗaki. Kurege kuwa har yau in ya fito daga rami sai ya miƙe a kan ƙafa biyu, yana leƙen ko Hakama na tafe da taɓarya.

To, ku ji, jikokina. Ƙarfin da zai riƙe mutum ba a wurin giwa ko zaki ake aro shi ba. Yana cikin wahalar da ka sha ka tashi, da abin da iyayenka suka sha kafin kai. In abu ya fashe muku, ku yi kukanku, amma kada ku binne shi don kunya.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege! Ba don gyaɗar da ya cinye ba, da na ɗebo muku kowa cikin tafi.

Yara: Kaka, ke ma kin taɓa fasa randa?

Ni? Ɗanjuma, je ka bayan ɗakina ka ga tsibi. Amma kada ka taɓa mini ko ɗaya, ina da aiki da su.