Ranar da Wuyan Barira Ya Murɗe

Ku matso kusa, ku ajiye gyaɗar nan tukuna, don yau sai kun yanke mini hukunci.

A wani ƙauye gabas da Malumfashi akwai wata mata, Barira. Shekararta bakwai da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai a ta takwas Allah ya ba ta ciki. Amma fa ya zo da laulayi mai tsanani, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Mijinta Isiyaku kuwa yana kudu wajen ci-rani. Ƙanwarsa Lantana ta ga matar yayanta na neman ƙarewa, ta je kasuwa ta sayo ƙwayar tsayar da amai a hannun mai tallan magani. Ya ce a sha ɗaya-ɗaya. Lantana, da yake uwar gaggawa ce, ta riƙa ba ta uku-uku a ɓoye, wai don ya fi saurin kamawa.

Kwana biyu da farawa, da hantsi, wuyan Barira ya murɗe gefe guda, idanu suka kafe sama, harshe ya zaro, numfashi da ƙyar. Nan take gida ya ɗauka: aljanu ne! Aka zubo garwashi a kasko, aka kawo barkono, za a rufe ta a ɗaki a turara.

Dije, yayar Barira, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da taɓarya. Ta ce, “Wallahi mai ciki ba za ta shaƙi hayaƙin nan ba, sai dai ku fara da ni.” Uwar mijin Barira ta zage ta tas, dattawan gidan suka ce ba ta da kunya. Ita ma ba ta san abin da ya sami ƙanwarta ba, amma ko gezau. Da an turara, da hayaƙin ya ƙarasa ɗan numfashin da ya rage.

Hayaniyar ce ta jawo Inna Saratu, maƙwabciya, wadda ta yi shekara ashirin tana shara a asibiti. Ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba, amma tana da ido. Ta dubi Barira ta ce, “Na sha ganin irin wannan. Ba aljanu ba ne, maganin amai kan yi haka in ya yi yawa. Wa ya ba ta ƙwaya?” Aka yi mata dariya, wai mai tsintsiya ta zama likita. Ta ƙi fita, ta yi ta maimaita tambayarta.

Lantana na iya yin shiru, babu wanda ya gan ta tana ba da ƙwayar. Ta san in cikin ya zube, ita za a nuna da yatsa har ta mutu. Duk da haka ta ce, “Inna, ni ce. Uku-uku na ba ta.” Ta ruga juji, ta tone shi da hannu, ta zaƙulo takardar ƙwayar.

Su ukun suka ɗora Barira a amalanke sai asibiti. Ma’aikaciyar jinya ta karanta takardar, ta ce ba don takardar nan ba da sai an daɗe ana lalube. Ta yi mata allura, kafin azahar wuya ya saki, Barira ta buɗe baki ta nemi ruwa.

Da kaka ta haifi mace. Isiyaku ya dawo, ya ɗaure ragon suna, ya rantse sunan wadda ta ceci matarsa da ’yarsa zai sa mata. Gobe ne suna, liman na jira, jaririya kuwa ɗaya ce.

To, ku da kuka iya gardama, sunan wa za a raɗa mata: Dije, Saratu, ko Lantana?