Tukunyar da Ke Ƙarƙashin Gado

Akwai wata mace mai noman gyaɗa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya budurwa. Yarinyar tana da ciwon suga, irin wanda sai an yi allura kullum. Maganin allurar ba ya son zafi, garin kuma babu wuta. Sai matar ta samo tukunyar ƙasa, ta cika da yashi, ta binne kwalaben maganin a ciki, ta tura ƙarƙashin gado. Safe da yamma tana yayyafa wa yashin ruwa don ya zauna da sanyi.

Ba wanda ya sani. Ta ce wa 'yar, "Briskila, kar ki faɗa wa kowa, ko a coci. In suka ji, kallon gawa za su riƙa yi miki."

Yarinyar ta ce, "To, Mama."

Matar kuma ta ɗauki azumi, wai sai Allah ya warkar da 'yarta. Ta daina zuwa zumuntar mata. Barci ma ba ta yi sosai. In yarinyar ta kawo mata tuwo, sai ta ce, "Ke dai ci. Kin ga ni ce mai ciwon?"

Ana nan, wata rana matar ta faɗi a gona. Maƙwabta suka kai ta asibitin birni, aka kwantar da ita. Sai gwaggon yarinyar, yayar babanta, ta zo gidan ta zauna da yarinyar.

Gwaggo mace ce mai son tsabta. Tana shara ta jawo tukunyar. Ta ce, "Wannan fa? Gini uwarki za ta yi a ƙarƙashin gado?" Ta zubar da yashin, ta wanke tukunyar, ta jera kwalaben a kan katanga wai su sha rana, danshi ya fita. Ta zauna a wurin tana ɓarar gyaɗa har yamma.

Yarinyar tana tsaye tana kallo. Ta buɗe baki, ta tuna maganar uwarta, ta rufe. Da ta samu ta kwashe kwalaben, suna da zafi kamar dafaffen ƙwai.

Ta ci gaba da yin allurar a ɓoye, amma maganin ya riga ya mutu. Ƙishi ya dame ta, amai ya zo. Gwaggo ta ce zazzaɓi ne, ta dama mata kunu, ta zuba suga da yawa don ta samu ƙarfi. Ta tsaya a kanta har ta shanye.

A sume aka kai yarinyar asibitin nan da uwarta take. Da aka faɗa wa matar, ta yunƙura za ta je wurin 'yarta, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta.

To, ma'anar misalin nan, yadda na gane, ga ta. Tukunyar ita ce uwa, ko uba. Ruwan da ake yayyafawa shi ne abinci da barci da 'yan'uwa na cikin ikilisiya. In yashi ya bushe, abin da ke cikinsa ma ya lalace. Gwaggo ba muguwa ba ce, ba a faɗa mata ba ne kawai.

Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, ni yarinya ce, ban yi karatu sosai ba. Amma ciwon nan ba ya tafiya. Wani lokaci a yi addu'a, a yi azumi, gobe kuma ga allura. Ubangiji bai ce ki kashe kanki ba. Ki ci abinci. Ki kwanta. Ki samu ko mutum ɗaya ki nuna masa inda magani yake, ki bar yarinyar ta yi magana.

Yaran suna gani. Suna ganin ramarku, su ɗauka su ne suke cinye ku, sai su fara ɓoye ciwonsu don ku huta. Yarinyar da ta kai nan, ko tana mutuwa za ta ce muku lafiya lau.