Motar Mujtaba Ta Durƙusa

Akwai wani saurayi a Gwandu mai suna Mujtaba, yana da shagon sayar da wayoyi kusa da kasuwa. Yaro ne mai neman na kansa, ba ya shaye-shaye, ba ya rigima. Matsalarsa ɗaya ce, duk abin da ya gani a waya sai ya ce shi ma sai ya yi.

Da Allah ya hore masa ya sayi 'yar motarsa, sai ya fara kallon bidiyon samarin ƙasashen waje, waɗanda ke sauke motocinsu ƙasa har cikinsu ya kusa shafar kwalta. Abin ya shiga ransa. Ya tafi Birnin Kebbi wurin wani makanike, aka cire sifirin ɗin da motar ta zo da su, aka sa gajeru.

Makaniken ya tambaye shi, "Wace hanya kake bi da ita?"

Mujtaba ya ce, "Kai dai ɗaura, ni na san abin da nake yi."

Ya dawo Gwandu yana tafiya a hankali, yana jiran a yaba. Mutumin farko da ya tare shi mai shayi ne, ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce, "Ashsha, sannu. Mi ya faɗo mata?"

Kafin yamma maƙwabta sun fara shigowa jaje. Wani ya ce lodi ne ya yi mata yawa. Wani ya ce a duba iskar tayoyi. Wata tsohuwa ta ce ai hassada ce, a nemi addu'a. Mujtaba ya yi ta bayani cewa ado ne, su kuma suna gyaɗa kai suna cewa Allah ya mayar da alheri. Ya rasa gane ko su ne ba su waye ba, ko shi ne bai iya bayani ba.

To, a lokacin nan Mujtaba na neman wata yarinya, Rumaisa, 'yar Malam Ɗalha na Wurogauri ta wajen Kalgo. Yana sonta sosai, kuma ba shi kaɗai ke nema ba. Malam Ɗalha ya ce iyayen Mujtaba su zo ranar Asabar bayan azahar, zai tara 'yan'uwansa a yi magana.

Ranar, ƙanin mahaifin Mujtaba, Baffa Tambari, ya sha babbar riga, tare da wasu dattawa biyu. Aka sa goro da alewa a but ɗin motar. Suna shiga, motar ta ƙara zama.

A tudun rage gudu na farko, cikinta ya daki siminti. Mujtaba ya tsaya ya ce, "Baffa, don Allah ku ɗan sauka in haye."

"Mu sauka? Ta mutu ne?"

"A'a, lafiyarta lau."

"To in lafiyarta lau, mi ya sa za mu sauka?"

Dattawa suka sauka, ya haye a karkace, suka koma. Duk garin da suka ratsa sai an yi haka. Yara na kallo, masu babura na wucewa suna dariya.

Da suka bar kwalta suka ɗauki hanyar ƙauye, ga damina ta zaizaye ta, sai motar ta hau wani tudu ta zauna daram. Bututun salansa ya cire, baƙin mai ya fara tsiyaya. An kira la'asar suna nan.

Baffa Tambari ya sauko. Ya naɗe rigarsa, ya ɗora goro a kafaɗa, dattawan suka bi shi a ƙafa cikin taɓo. Mujtaba ya zauna a gefen hanya, hankalinsa a tashe, yana kiran wayar Rumaisa ba ta shiga.

Gab da magariba Baffa ya dawo a bayan babur. Mujtaba ya taso da sauri.

"Baffa, yaya aka yi?"

"Mun tarar 'yan'uwansa sun watse. Shi dai ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa muka wanke ƙafa. Ya tambayi ko haɗari muka yi, na ce a'a, yaron ne ya kai motar aka mayar da ita haka."

"Sai ya ce mi?"

"Ya sake tambaya, wai da lafiyarta ka kai ta? Na ce da lafiyarta. Sai ya ce shi ma ɗiyarsa lafiya lau take, kuma bai san abin da za ka gani a waya gobe ba. Ya ce mu koma da goronmu, zai yi tunani."

Mujtaba ya koma gefen motarsa ya zauna. Wallahi ya ba ni tausayi. Bayan bikin sallah aka ɗaura wa Rumaisa aure da wani malamin firamare daga Kalgo.

Darasi: Kafin ka kwaikwayi abin da ka gani a waya, ka dubi hanyar da kake bi da mutanen da za ka ɗauka. Jama'a na auna hankalinka da yadda kake riƙon abin da ke hannunka. Ku tura wa samarin gidanku, wataƙila wani ya tsira.