Mawaƙin da Iyaye Mata Suka Hana Sunayen 'Ya'yansu

An yi wani mawaƙi a Rogo Sabon Gari, ba da daɗewa ba, ana ce masa Muntaka. Allah ya ba shi murya. Tun yana bin mahaifinsa gonar gyaɗa, in ya ɗaga murya sai ka ga manoman gonar maƙwabta sun dafa fartanya suna saurare. Da ya girma ya tafi Kano, wani babban kamfanin waƙa ya ɗauke shi. Mai kamfanin, Alhaji Abdulmutalib, mutumin Ƙaraye ne, don haka ya ja shi a jiki kamar ɗan gida. Har cikin gidan yake shiga, ya ci tuwo, a aike shi.

Shekara shida yana can. Ran nan ya rubuta wata waƙa da ya fi ƙauna a duk waƙoƙinsa. Alhaji ya karɓa ya ba wani sabon mawaƙi ya rera, aka sake ta, ko sunan Muntaka babu. Da ya yi magana, aka ɗauko takardar da ya sa wa hannu tun ranar farko, aka nuna masa cewa duk abin da ya rubuta na kamfani ne.

An zalunce shi. Wannan gaskiya ce, ba sai mun ɓoye ba.

Ya tattara kayansa ya dawo Rogo. Ya kama shago a bayan kasuwa, ya manna tsofaffin katifu a bango don kada ƙarar babura ta shiga cikin waƙa, ya sa sola, ya ajiye kwamfuta da makirufo. Ya ce daga yau ba shi da ubangida sai Allah. Ya kama waƙar biki.

Ku da kuka aurar kun san yadda ake yi. Uwar amarya ko gwaggonta ita ke zuwa da takarda: sunan amarya da na ango, iyaye, kakanni, ƙawaye. Kuma ba ta miƙa takardar ta tafi. Zama take yi ta yi bayani. Wance ce ta riƙe amarya tun mahaifiyarta na jinya. Wane da wane ba sa ga-maciji, kada ka haɗa su a baiti ɗaya. Wannan auren na biyu ne, kada ka ce budurwa, kada kuma ka ce bazawara. Mai waƙar biki yakan san abin da maƙwabci bai sani ba.

Muntaka ya riƙe bakinsa, Allah kuma ya buɗa masa. Daga ƙauyen Turawa ake zuwa, daga Ƙaraye ake zuwa. Masu tura waƙa a waya ba su da ciniki sai nasa. 'Yan acaɓa suna wucewa da muryarsa. Cikin shekara uku ya sauya rufin ɗakin mahaifiyarsa, Inna Laure, ya saya mata injin niƙa. Ya 'yan uwa, me ya rage? Wanda aka ƙwace wa waƙa ɗaya Allah ya ba shi ɗari, ba sai ya yi godiya ya kama gabansa ba?

Amma zuciyarsa ba ta bar Kano ba. Kullum yana jiran ranar da zai rama.

Wata ranar kasuwa da hantsi, rediyo na kunne a shagon tela na kusa da shi, sai ga muryar Alhaji Abdulmutalib ana hira da shi. Aka tambaye shi labarin Muntaka. Ya yi dariya ya ce, “Wa? Au, yaron nan. Ai na ji yana can ƙauye yana yi wa amare kiɗa.” Tela ya ƙyalƙyale, masu jiran ɗinki suka taya shi. Muntaka ya shiga shagonsa ya rufo ƙofa.

Ya zauna yana laluben inda zai taɓa Alhaji ya ji zafi. Ya ce masa azzalumi? An sha faɗa, ko a jikinsa. Ya ce masa marowaci? Dariya zai yi. Sai ya tuna Siddiƙa.

Siddiƙa 'yar Alhaji ce, shekararta sha biyar, tana zaune wajen kakarta a Ƙaraye tana sakandare. Tana da farfaɗiya. Ana ba ta magani, ciwon ya lafa, ko ƙawayenta ba su sani ba. Muntaka ya sani ne saboda wata rana, lokacin yana ɗan gida, ta faɗi a tsakar gida, shi ya tuƙa motar zuwa asibiti. Alhaji yana kujerar baya ya rungume ta yana kuka. Wannan kukan Muntaka ya tuna. Ya ce, nan ne wurin.

Kwana biyu ya gama waƙar. Bai kira suna ba. Ya dai ce mai kamfani yana da 'ya a Ƙaraye wajen kaka, wadda ƙasa ke kira ta amsa. Ya sa mata kiɗa mai daɗi, ya yi mata rawa: a yi taku uku, a karkace baki, a zube. Ya ɗora a waya.

Ciwo fa na Allah ne. Yarinyar nan ba ta ƙwace waƙar kowa ba, ba ta yi hira a rediyo ba.

Cikin mako guda waƙar ta cika gari. Muntaka yana duba waya yana murmushi, bai taɓa samun masu kallo haka ba. A Ƙaraye kuwa, Siddiƙa na fitowa daga makaranta yara suka yi mata layi a bakin hanya, suka yi taku uku suka zube a gabanta. A aji aka janye benci daga kusa da ita. Wata ta ƙi shan ruwa a kofin da ta sha. Ran Alhamis ciwon da ya yi shekara biyu bai tashi ba ya tashi a filin makaranta, wani ya ɗauka a waya. Ba ta sake komawa ba.

Da labari ya zo wa Muntaka, ya ce, “Yanzu uban ya san akwai zafi.”

Washegari da safe wata Hajiya Saude ta sauka daga kan babur a ƙofar shagonsa. Daga Turawa take, bikin 'yarta saura kwana tara. Ya tashi da fara'a.

“Hajiya, sannu da hanya. Ai waƙarku ta kammala, bari in kunna miki.”

“Riƙe abarka. Takardata na zo karɓa.”

“Wace takarda kuma, Hajiya?”

“Mai sunan 'yata. A kujerar nan na zauna na gaya maka tana da i'ina, na roƙe ka kada ka sa baitin da za a ce amarya ta amsa. To, ranar da muka saɓa da kai fa? Taku nawa za ka yi mata?”

“Haba Hajiya, wancan tsakanina da Alhaji ne.”

“Alhajin ne ya faɗi a makaranta? Miƙo.”

Ya miƙa. Ta ninke ta cusa a jaka, ta hau babur.

Babu wanda ya yi shela. Ba a kai shi wajen hakimi ba, ba a kai shi kotu ba. Mata ne kawai, a wajen niƙa, a gidan suna, a hanyar Islamiyya, kowace ta tuna abin da ta taɓa faɗa a shagon nan, ta ja baya. Kaka ta yi, aka cire gyaɗa, lokacin da a da yake korar aiki don yawa. Takarda ko ɗaya ba ta shigo ba. Ya koma waƙar soyayya, masu tura waƙa suka ce ba a tambaya. Ya buga wa wani kamfani a Kano waya, aka ce ba sa ajiye mai irin bakinsa. Ya tafi Ƙaraye ba da haƙuri, kakar Siddiƙa ta aiko cewa ya koma da sallamarsa. Ya sayar da lasifika, ya sayar da sola, mai shago ya zuba buhunan masara a inda katifu suke.

Alhaji Abdulmutalib kuwa kamfaninsa na nan, ko kujera ba ta gusa ba. Ya ɗauke 'yarsa ya kai ta wani gari.

Bayan shekara aka sa bikin Bahijja, ƙanwar Muntaka, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ga dama ta zo. In ya yi mata waƙar da ba a taɓa ji ba, mata za su ji a gidan biki, zuciyarsu ta sauko. Ya sami Inna Laure tana tsince shinkafa, ya durƙusa.

“Inna, ki ba ni sunayen. Zan ari wurin ɗaukar waƙa a Ƙaraye.”

Ba ta ɗago ba. “Na ba wani.”

“Wani? Inna, ƙanwata ce fa.”

“Ni kuma 'yata ce. Ka kawo itace, ka kafa rumfa, ka jera kujeru. Amma sunanta ba zai shiga bakinka ba.”

Ranar biki, a tsakar gidan ubansa, muryar wani yaro daga Turawa ce ke kiran sunan Bahijja da na Inna Laure. Muntaka yana ɗauke da kujeru huɗu a ka, mata na matsawa yana wucewa, kowace ta ja 'yarta gefe.

Ya 'yan uwa, wanda aka zalunta yana da haƙƙi, amma a kan wanda ya zalunce shi, ba a kan 'yarsa ba. Abin da ka gani a gidan mutum lokacin da ya yarda da kai amana ce, ko da daga baya ya zama maƙiyinka. Mu kuma iyaye, kada mu ce Muntaka kaɗai ya yi. Yaran da suka zube a gaban Siddiƙa, a wayar wa suka koyi rawar? In kin ji ɗanki na rera waƙa, tsayar da shi ki tambaye shi da wa ake. In bai sani ba, ke ki bincika. Ki goge ta a gabansa, ki gaya masa dalili.

Ya Allah, ka ba marasa lafiyarmu lafiya. Ka rufa asirin 'ya'yanmu a inda idonmu bai kai ba. Ka tsare mu daga ramuwar da ke sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Allah ka kiyaye mu da zuriyarmu. Amin.